Hutun da Ba Shi da Ranar Komawa

Ban shirya yin ƙarya ba. Wannan nake so a fara sani, ko da yake na san duk maƙaryaci da haka yake farawa. Na sauka daga keken haya mai ƙafa uku a bakin layinmu a Jos da akwati ɗaya da babbar jaka, ana yayyafi, sai ga Baba tela, maƙwabcinmu tun ina yaro, ya leƙo daga shagonsa da tef ɗin awo a wuya.

"A'a, mutanen ƙasar waje! Sannu da hanya. An zo hutu ke nan?"

Mu dai haka muke tambaya. Mu miƙo maka tambayar da amsarta a ciki, abin da ya rage maka kawai ka gyaɗa kai. Na ce, "E, Baba, hutu." Kafin in kai ƙofar gida, kalmar ta riga ni shiga.

Gaskiyar maganar ita ce aikin ne ya ƙare. Shekara huɗu na yi a wata gonar shanu a ƙasar Larabawa, a ɓangaren da ake dafa madara a ɗura a kwali. A Vom, nan kusa da Jos, na koyi aikin, shi ya sa suka ɗauke ni. Da kamfanin ya sayo sababbin injuna sai ya rufe ɓangarenmu. Aka riƙa kiran mu ofis ɗaya bayan ɗaya, a ba ka shayi, a ba ka takarda. A can izinin zamanka a ɗaure yake da wanda ya ɗauke ka aiki. In ya sake ka, sai a ba ka ɗan lokaci ka samo wani, a mayar da izinin kansa. Mu wata biyu aka ba mu.

Na yi yawo har takalmina ya gaji da ni. A ƙarshe wani manajan gona ya ce in dawo bayan babbar Sallah, wataƙila a samu gurbi. Sallah kuwa da sauran wata uku. Na buɗe fasfona na duba bizar da aka manna a ciki, na ga kwanan watan da ke jiki ya nuna tana da sauran shekara guda. Sai na yi lissafin masu wayo: in tafi gida in ci tuwon Inna, bayan Sallah in dawo. Abokin zamana a ɗaki, wani dattijo da ya shekara ashirin a ƙasar, ya ce mini, "Kada ka fita. In ka ƙetare iyaka, ƙofar rufewa za ta yi a bayanka." Na nuna masa kwanan watan da yatsa, har ina ɗan tausaya masa don bai yi karatu mai zurfi ba. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Duk da haka na kwashe kayana kaf, ban bar ko cokali ba, domin ɗakin na kamfani ne kuma sun ce a ba su makullinsu.

Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "kai", in za ta yi maganata da wani sai ta ce "wancan". Ranar da na iso ta amsa gaisuwata tana kallon wani wuri, ta ce, "An sha hanya." Na tura mata babbar jakar, wadda na cika da tsaraba, dabino da turare da mayafai, na ce ta raba yadda ta ga dama. Ta ce Allah ya yi albarka, ta ja ta zuwa ɗakinta.

Satin farko ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na manta yadda sanyin Jos yake shiga ƙashi da safe, na manta ɗanɗanon dankalin Turawan da aka tono jiya. Ina fita masallaci da jallabiyata mai guga, mutane suna ba ni hanya. Wani tsohon abokin karatuna da ke aikin gwamnati ya ɗauke ni a motarsa zuwa gidansa a Rayfield, unguwar masu hali, ya gabatar da ni ga baƙinsa a matsayin wanda ke zaune a waje. Na zauna a kujerarsa mai laushi ina ba su labarin tsaftar titunan can, kamar ni nake share su.

A sati na biyu saƙo ya fara zuwa.

Duk wanda ya taɓa tafiya daga garinmu ya san wannan. Ba a barin matafiyi ya koma hannu rabbana. In aka ji za ka ƙasar da ɗan wani yake, to ka zama motar gidan waya. Wata mata ta kawo yaji a robar man shafawa, a kai wa ƙanenta direba. Wani ya kawo daddawa da kuka, an naɗe da leda har sau uku. Wata kuma ta taso tun daga Kuru da acca mudu biyu, ta ce 'yarta tun da ta tafi ba ta sake ganin ta ba. Na ce mata garin da 'yar take ya fi nisan Jos zuwa Legas daga inda nake. Ta ce, "Ai duk can ne." Kowa ya rubuta lambar waya a takarda ya manna a jiki, kowa ya yi mini addu'a. Ni kuma ina karɓa da hannu biyu ina cewa, "Ba komai, in sha Allahu."

Ɗakina ya koma warin kasuwa. In na kwanta daddawa ce a kaina, in na juya yaji ya sa ni atishawa. Kuma a lokacin ban ɗauki kaina maƙaryaci ba, domin ina da niyyar komawa. Abin da na ɓoye kawai shi ne ba ni da wurin da ake jirana. Amma wannan ɗan abin da na ɓoye ya fi duk ledojin nauyi, kullum da shi nake tashi.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Inna ba ta haɗa mini komai ba. Zuwana hutu na baya, tun saura wata guda in koma ta fara shanya kuɓewa tana daka yaji. Wannan karon ko ƙulli ɗaya. In mata suka shigo da saƙo sai ta nuna musu ƙofata da haɓa, ta ci gaba da tankaɗenta. Na ce a raina tsufa ne.

Saƙon Baba tela ne ya zo a ƙarshe, saura sati biyu Sallah. Ya kira ni shago, ya kashe keken ɗinkinsa, ya ciro wani ɗan ƙunshi daga ƙarƙashin tebur. Ɗansa ɗaya tilo yana can yana aikin gyaran wuta, matar ɗan kuma ta kusa haihuwa. Ya warware ƙunshin. 'Yar riga ce da wando na farar shadda, da hular da ba ta wuce tafin hannuna ba. Aikin wuyan da hannu ya yi shi, ga shi idonsa ya yi rauni.

"In namiji ne ya sa ranar suna," in ji shi. "In mace ce, to, su ajiye wa ƙanenta. Ban taɓa ɗinka wa jikin da ban auna ba, sai wannan. Ka tabbata ya isa kafin suna, ɗana."

"Zai isa, Baba."

Na fito da ƙunshin a hannu. Yaji zai iya jira, acca za ta iya jira. Jariri kuwa ba ya jiran kowa, yau rigar ta yi masa, gobe ta matse shi.

Washegari na tafi kasuwar Taminus, ofishin wata Bayarabiya mai sayar da tikitin jirgi, wadda a hannunta na sayi tikitina na farko. Na ajiye mata fasfo na ce ina son kujera bayan Sallah. Ta sa tabarau, ta ƙwanƙwasa kwamfuta, ta duba, ta sake dubawa.

"Oga, kana da aiki a can har yanzu?"

Na ce ana nan ana magana.

"Ba haka na tambaya ba. Kamfani ya sallame ka?"

Na ce e. Ita ce mutum ta farko a Jos da na faɗa wa, kuma ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To wannan biza ya mutu. Tun ranar da ka fita ya mutu."

Na buɗe shafin na ɗora yatsa a kan kwanan watan, kamar yadda na yi wa dattijon can. Ta yi dariya, amma ba ta mugunta ba.

"Oga, kalanda na bara ma yana da kwanan wata a jiki. Wannan takarda ne kawai. In na sayar maka da tikiti, ko jirgi ba za su bari ka hau ba. Sai wani kamfani ya aiko maka da sabo daga can. Kowane wata ina ganin irinku. Sorry o."

Na kira manajan nan da ya ce in dawo bayan Sallah. Ya ce su wanda ke cikin ƙasa suke nema, mai izinin da za a mayar kansu. Ɗauko mutum daga waje doguwar hanya ce, ba za su bi ta ba. Ya yi mini fatan alheri da ladabi sosai.

Ban hau keke ba, da ƙafa na dawo. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba, kunya ce kawai ta rufe ni. Na riƙa lissafa fuskoki: mai yaji, mai daddawa, matar Kuru, baƙin Rayfield. Har na fara tsara wata sabuwar ƙaryar, in ce an ƙara mini hutu. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma rigar jariri tana kan gadona.

Na shiga gida bayan la'asar. Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna nesa kaɗan, ina neman bakin zaren magana. Idona yana kan hannunta, tana tuƙawa tana juyawa, sai na ga wani baƙin tabo a mariƙin muciyar. Na san tabon nan. Ni na yi shi, shekara uku da suka wuce, ranar da na manta ta a gefen wutar gas a wani ɗan kicin da mu shida muke girki a ciki.

Muciyar da ta ba ni ce ranar tafiyata ta farko. A lokacin na yi dariya na ce wa zai ɗauki sanda ya hau jirgi. Ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa wancan, can ba su san tuwo ba, balle su sassaƙa masa muciya." Da nake kwashe kayana, ba ta shiga akwati ba saboda tsawo, sai na shimfiɗa ta a ƙasan babbar jaka na jibga tsaraba a kai. Na manta da ita sam.

Wato fiye da wata biyu ke nan ina cin tuwon da aka tuƙa da ita.

Na ce, "Inna, aikin nan fa ya ƙare. Tun kafin in taho. Kuma yau an ce mini ba zan iya komawa ba."

Ba ta daina tuƙi ba. Ta yayyafa gari, ta juya, ta rufe tukunyar, ta kankare muciyar da mara. Sannan ta ce, tana kallon wuta, "Mai hutu ba ya dawowa da muciyarsa."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Maganar taka ce. Ni dai na sa ta inda za ka gani." Ta gyara itace. "Arziƙi ba a ƙasa ɗaya Allah ya ajiye shi ba. Amma kayan mutane amana ne. Ka fara da na tela, shi ne mai rana."

A rayuwata ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Na ji ina son ta yadda ban san zan iya faɗa ba, don haka ban faɗa ba. Na tashi na ɗauko ƙunshin.

A hanya na kira matar ofishin tikiti, na tambaye ta ko ta san mai tafiya cikin satin. Ta ce akwai wani da zai tashi jibi, in kawo kayan in dai ba su da nauyi. Na ce ko hannu ɗaya ya ɗauke su.

Baba tela yana kan keken ɗinkinsa, ɗinkin Sallah ya taru a gabansa. Na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba, har da dattijon da ya hana ni fita na ƙi ji. Na ce rigar za ta tafi jibi, amma ba a hannuna ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji shi. Ya janye wasu yadudduka daga kan benci, ya buga wurin da tafin hannu don in zauna. "To, an dawo ke nan?"

Ya sake miƙo mini tambaya da amsarta a ciki. Wannan karon ban gyaɗa kai ba, da bakina na faɗa.

"Na dawo, Baba."