Abla Khadijatu da Daron Muƙamuƙan Rago

Kafin ɗaliba ta farko ta shigo, Abla Khadijatu Ɗaso (Abla ake kiran malama a Makka) ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje na sakandaren 'yan matan da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ciki. Za ta goge madubin duba ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya, ta ɓare fatar albasa siririya ta shimfiɗa a gilashi, ta jera komai a teburi. Da malamar bayoloji ta shigo, sai ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Aikinta ke nan: mai shirya kaya. Ranar yaye ɗalibai malamai ake kira a miƙa wa furanni, ita kuwa tana ciki tana wanke kwalabe.

Bayan La'asar take zama malama. A saman benensu da ke unguwar Hindawiyya akwai tabarma, da tsohuwar fanka, da wani babban daro cike da ƙasusuwa. Duk shekara, in an yi layya, tana bin gidajen maƙwabta: "Ku ci naman kan, ku bar mini ƙashin." Ta dafa, ta kankare, ta shanya a ranar Makka har su yi fari tas. Da waɗannan muƙamuƙan ta koyar da 'yan matan unguwa bayoloji shekara da shekaru, ba tare da wani ya sa ta ba.

Ni Manar Kabira, ba na cikin masu saurin neman taimako. Na gama sakandare da sakamakon da ake nuna wa baƙi, na ce likitar haƙori zan zama. Na zauna jarabawar Tahsili, wadda makinta ke raba mai shiga kwaleji da mai tsayawa a waje, bayoloji ya ja ni ƙasa. Na sake zama, ya sake ja na. Kwaleji kuwa ba ta jiran takardar sakandare har abada. Zama ɗaya ya rage mini.

Kawu Sa'ud ya zo gidanmu da mafita. "Ya binti, 'yata, halas, ya isa haka, kin gwada. Otal ɗin abokina a unguwar Aziziyya na neman mai karɓar baƙi. Kujera, sanyi, ba wahala."

Na ce, "Kawu, a ba wata. Ni ban gama ba."

Ya dubi mahaifiyata ya ce, "Wannan taurin kan ba daga wajenmu ba ne." Ita ce ta kama hannuna washegari ta kai ni Hindawiyya wajen Abla.

Ranar farko Abla ba ta tambaye ni maki ba. Ta ɗauko ƙoƙon kan rago ta aje a cinyata. "Nuna mini haƙoran gaba na sama."

Na juya shi, na sake juyawa. "Abla, wannan mahauci ya fasa masa baki."

Ta miƙo wani. Shi ma babu. Ta miƙo na uku. Mahaifiyarta, da kowa ke kira Iya, tana gefe tana jan carbi, sai ta fashe da dariya har da tari. "'Yar nan, kan rago nawa kika cinye a Makka? Rago ai ba ya da su, haka Allah Ya yi shi!"

Abla ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Littafin yana kanki, na gani. Dabbar ce ba ki taɓa kallo ba. Yalla, mu fara."

Dokarta ɗaya ce, kuma ita ta fi ba ni wuya. Duk babin da muka gama, sai na yi wa Iya bayaninsa da Hausa. Iya ta zo daga Katsina tana amarya, har yau Larabcinta na cefane ne. Ni kuwa a nan aka haife ni, da Larabci na yi karatu, Hausata ta gaisuwa ce da ta kicin. Na ce wannan ɓata lokaci ne, jarabawar ai da Larabci za a yi. Abla ta ce, "Da Larabci kina iya ɓuya bayan kalmar da kika haddace. Gaban Iya ba wurin ɓuya."

Haka na yi ta fama. Na yi bayanin yadda jini ke zagaya jiki, Iya ta ce, "To in zuciya ce ke turawa, wa ke dawo da na ƙafa?" Na koma littafi ina cizon leɓe. Da muka kai babin gadon kamanni, ta buɗe baki ta nuna mini gurbin wushiryarta. "Me ya sa ta tsallake Khadijatu ta faɗa kan jikata?" Sai da na yi kwanaki kafin na iya amsa mata yadda ta gyaɗa kai. Sau da yawa na sauko daga benen nan ina rantsuwa ba zan koma ba. Ina komawa, don ba zan bari a ce tsohuwa mai carbi ta kore ni ba. Hausar da kuke karantawa yanzu, a kan tabarmar nan aka gyara ta.

Ba ni kaɗai ba ce shaida. Nora, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta karye a ƙafa ana gab da jarabawarta. Ta ce Abla ta sa zuciyar rago ɗanya a kular abinci, ta hau mota har gidansu a unguwar Zahir, ta yanka ta a faranti a gefen gadonta, ƙannenta suna ihu suna gudu. Raghad, da ke ba da magani a asibiti, ta ce ita da huhu aka koya mata: Abla ta sa bututu ta hura shi da bakinta har ya kumbura.

Amma cikin duk waɗanda suka hau benen nan, babu wadda ta zama likitar haƙori. Abin da Abla ta so wa kanta ke nan. A zamaninta sai an bar Makka ake wannan karatu, mahaifinta ya rasu, Iya ba ta da kowa, ta zauna. Ba ta taɓa faɗin haka da ƙorafi ba. Sai dai tana da wani haƙorin turmi na ƙasa da ya daɗe da rami, takan taɓa kuncinta ta ce, "Wannan na ajiye wa 'yata ta farko da za ta riƙe kayan aiki." Duk mun ɗauka raha ce.

Da jarabawata ta matso, sai ta fara sa niƙabi a saman bene, alhali mu mata ne zalla. Ta ce rana ce ke damunta. Ƙamshin kanumfari ya cika wurin. Maganarta ta ragu, sai ta nuna shafi da yatsa ta bar ni ina ta bayani. Wata rana Iya ta ce, "Khadijatu, ki faɗa mata mana." Abla ta ce, "Iya, darasi muke yi." Na ɗaga kai, ta nuna mini littafi, na mayar da kaina.

Da na fito daga jarabawa, Hindawiyya na wuce kai tsaye don in gaya mata tambayoyin gadon kamanni sun zo kamar Iya ce ta rubuta su. Na tarar da ƙofa a rufe. Maƙwabciya ta ce Ma'aruf, ɗan Abla, ya kai ta asibiti tun safe, kumburin haƙorin da take ɓoyewa a niƙabi ya sauka har wuya.

An cire turmin, an cire na kusa da shi, an yi mata aiki a muƙamuƙi. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma gefen leɓenta bai dawo daidai ba. Matar da ke magana tun La'asar har Magariba, yanzu jimla kaɗan ke gajiyar da ita. Da ta samu sauƙi na tsaya a kanta cikin fushi. "Abla, don me? Ke da kika koya mana abin da ruɓa ke yi in ta shiga jini?"

Ta yi magana a hankali, kalma tana jan kalma. "Da sun kwantar da ni, wa zai ƙarasa miki babin? Kuma na san ki. Da kin yar da littafi kin zo jinya."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa har yau abin ke ci mini rai.

Abla, ke ce kika tsaya bakin ƙofa shekaru kina kallon wasu na koyar da abin da kika shirya da hannunki. Ke ce uwar 'yan saman bene, mai daron ƙashi, wadda ba a taɓa miƙa wa fure ba. Makarantar da kika yi wa hidima ta sallame ki da takarda da kwalin dabino. Mu da muka ci moriyarki mun watse cikin asibitoci, wasunmu ko sallah ba sa hawa benen.

Na samu gurbin karatun likitan haƙori. Ranar da sakamako ya fito na same su suna ɗaure kaya, don Ma'aruf zai tafi da ita da Iya Madina, kusa da aikinsa. Na faɗa mata. Ba ta yi guɗa ba, bakin ba zai iya ba. Ta buɗe jakarta ta ciro wata 'yar kwalba. Turmin ne a ciki, da jijiyoyinsa, da baƙin raminsa. Ashe ta roƙi likita ya ba ta.

"Kin makara," in ji ta. "Amma naki ne. Yi wa Iya bayanin abin da ya kashe shi. Da Hausa."

Na durƙusa gaban Iya na yi, daga ramin farko har zuwa kumburin wuya. Iya ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Wannan ne karo na farko.

Na gode, Abla Khadijatu. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ban ce kowa ya yi koyi da ke wajen ɓoye ciwo ba. A kan wannan har gobe ina fushi da ke. Amma ku da kuka san wani abu, ku shimfiɗa tabarma ku kira 'ya'yan maƙwabta. Ku kuma da aka koyar, ku je ku gaida masu koyar da ku tun bakinsu na iya amsawa.

Daron yana saman benenmu yanzu, ni ta bar wa. In an yi layya bana, mutanen Hindawiyya, ku ci naman kan, ku bar mini ƙashin.