Kawu Sada Tsakanin Fita da Hita

Duk wanda ya zauna da Kawu Sada a Ƙofar Kaura ya san ba ya juya wa jama'a baya. In ya tashi daga majalisa, da baya-baya yake tafiya, hannu ɗaya a ƙirji, har sai ya sha kwana. Wai ƙa'idar dandamali ce. "Ɗan wasa ba shi ba 'yan kallo ƙeya," in ji shi. Ni kuwa ɗan ƙanwarsa, da Allah ya halicce ni da fargaba, kullum gabana faɗuwa yake, ina hango mashi babur, ina hango mashi kwata.

Ranar da kwatar ta same shi, wasunku na wurin. Ya yi sallama da mutanen teburin mai shayi, ya ja baya, ya ƙara ja, sai ji muka yi tsulum! Na ruga ina salati. Na iske shi zaune cikin baƙin ruwa, hula daram a ka.

"Kawu, ka karye?"

"Bar wannan, Lawwali. Daga inda kake zamne, faɗuwar ta hito da kyau?"

Kun ji fa! Mutum ya haura saba'in.

Masinja ne a wani ofishin gwamnati har ya yi ritaya, amma in ka tambaye shi sana'arsa, wasan kwaikwayo zai ce maka. Tun yana saurayi yake cikin ƙungiyar wasa ta unguwa, wadda ke nuna wasanninta a makarantar firamare. Bai taɓa fitowa a sarki ba, bai taɓa fitowa a alƙali ba. Daga dogari sai ɗan aike sai mai riƙon buta. Ƙungiyar ta watse tun ina koyon ɗinki, 'yan cikinta suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa duk ranar Alhamis bayan la'asar sai ya saɓa riga ya ce ya tafi gwaji.

Wata Alhamis matarsa, Inna Rabi, ta ce in bi shi in ga ko da wa yake gwajin nan. Na same shi shi kaɗai cikin aji, tsaye ƙiƙam, ya sunkuyar da kai yana fuskantar kujerar malami. Na jira, na jira, bai motsa ba. Na ce shi ke nan, abin da nake tsoro ya faru.

"Kawu, mi kake jira?"

"Yi shiru! Mamman na magana."

Mamman shi ne mai fitowa a sarki, kuma ya daɗe a ƙasa. Ashe Kawu jira yake sarki ya gama dogon jawabinsa, sannan dogari ya ce tasa.

"Kawu, ai Mamman ya rasu."

"Ni za ka gaya mawa? Da ni aka ɗauki makara. To don ya rasu sai in tari numfashinshi?"

Na yi dariya a wurin. Amma na yi ta shawara da zuciyata, asibiti zan kai shi ko wajen malam, har Alhamis ta sake zagayowa ban kai shi ko'ina ba.

Ana nan sai wasu 'yan fim suka zo daga Kano za su ɗauki wani ɓangare a wani gida a GRA. Ɗaya daga cikinsu ya kawo mani gyaran wando, ya ce suna neman dattijon da zai fito a mai gadi. Ni na ba da sunan Kawu. Ni, da bakina. Aikin duka bai wuce a buɗe ƙofa ba, a ce wa mai mota, "Alhaji ya fita." Da na kai mashi takardar, da hannu biyu ya karɓa. Ya karanta kalmomin nan uku ya fi sau goma, ya ɗago ya ce, "Akwai aiki."

Washegari ya tafi GRA ya nemo wani mai gadi na gaske, Malam Idi, ya roƙi ya bar shi ya zauna kusa da shi kwana bakwai. Yadda yake tashi, yadda yake kama ƙarfen ƙofa, har yadda yake korar ƙuda, duk Kawu na kwasa. A kwana na huɗu Malam Idi ya zagaya alwala ya bar mashi ƙofa. Mota ta tsaya. Kawu ya miƙe a natse, ya leƙa, ya ce, "Alhaji ya hita."

Mai motar ya sauke gilashi. "Baba, ai ni ne Alhajin."

"To ai ban yi ƙarya ba, ranka ya daɗe. Ka hita. In ka shigo sai a canza magana."

Amma kun lura da abin da ya ce. Hita. Mu nan haka bakinmu ya saba, takarda kuwa fita ta ce, irin ta Kanawa, kuma Kawu ba ya saɓa wa takarda. Ya ɗauke madubin Inna Rabi ya kafa a zaure, safe da yamma yana "fita, fita, fita". Wata maƙwabciya ta yi sallama za ta ari turmi, ta ji ana ta jefo mata fita, ta juya da fushi. Sai da Inna Rabi ta bi ta har gida da ban haƙuri.

Ranar ɗauka na rufe shago na raka shi, da gorar ruwa da maganin hawan jininsa a aljihuna. Ya sa tsohon kakinsa na masinja, ya sha guga. An ce mana hantsi, ba a zo kansa ba sai bayan la'asar. Aka ba shi kujera a inuwa, ya ƙi, wai mai gadi ba ya barin bakin ƙofa. Ina kallon ƙafafunsa suna kumbura, ina ta lissafin inda asibiti mafi kusa yake.

Da lokaci ya yi, mota ta taho. Kawu ya miƙe a hankali, ya ɗora hannu a kan ƙarfe, ya dubi direba kamar wanda ya shekara talatin a ƙofar nan, ya ce, "Alhaji ya fita." Tas! Ko Bakano albarka. Daraktan, wani matashi mai fara'a, ya ce, "Ya yi, Baba, sannu da ƙoƙari."

An gama ke nan. Da na kama bakina, da an gama lafiya. Amma murna ta ɗebe ni, ga tsoron kada a raina wahalar da ya sha, sai na matsa na ce, "Yallaɓai, ba ka san yadda ya yi fama ba. Shi fa a gida hita yake cewa."

Idon daraktan ya yi haske. "Au, hita? Kai, wannan ai ta fi! Baba, sake mana ɗaya. Ka ce hita, ka ja ta sosai, kana sosa ƙeya. In an yi hon ka zabura hular ta faɗi. Mutane za su sha dariya."

Kawu ya dube shi. "Ɗana, mai gadin nan, a cikin labarin, taɓaɓɓe ne?"

"A'a, Baba, nishaɗi ne kawai."

"Kwana bakwai na zamna da mai gadi, ban ga hularshi ta faɗi ba. Hita kuwa, da ita uwata ta yaye ni. In kana son ta don haka muke magana, yanzu in ba ka. In don a yi mata dariya ne, ba ni da ita."

Na ja hannun rigarsa. "Kawu, don Allah ka faɗa a wuce wurin. Kalma guda ce fa."

"Lawwali, ita kaɗai gare ni."

Daraktan ya dubi agogo, ya ce ba komai, sun gode. Bai yi faɗa ba, ba zan ɗora mashi abin da bai yi ba. Kawu ya yi masu sallama, ya fara ja da baya, tun daga ƙofa har bakin titi. Babu wanda ya ɗago ya kalle shi, kowa na naɗe waya.

Kafin fim ɗin ya fito, ciwo ya kwantar da shi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce mashi ya saurari fitowar fim. Ranar da ya fito, a shago na kalla a wayata. Mota ta taho, ƙofa ta buɗe, ga hannu a kan ƙarfe. Hannu kawai. Ba fuska, ba murya. Na mayar baya ban san iyaka ba. Har wajen mai gyaran waya na je, ko wayar ce ke cinye gefen hoto. Ya ce lafiyarta ƙalau.

Kwana uku ina kewaye gidan. In ce bai fito ba, na yi ƙarya. In ce ya fito, ya ce a nuna mashi. A na huɗu Inna Rabi ta tare ni a hanya ta ce, "Tun jiya yake cigiyarka." Na shiga, na durƙusa gefen katifa, na riƙe mashi wayar.

Ya kalla. "Maido."

Na maido.

"Ƙara maidowa."

Na ƙara. Ya girgiza kai.

"Na yi saurin sakin ƙarhen. Malam Idi sai mota ta gama wucewa yake saki."

"Kawu, ni na jawo maka. Da ban yi magana ba, da fuskarka na ciki. Ka yafe mani."

"Kai ka saki ƙarhen?"

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ya yi, har na fara miƙewa, sai ya ce, "In sun dawo, ka ce masu ina son a sake."

Ba su dawo ba. Shi ma bai kai damina ba.

Kun ga dai bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Inna Rabi ta ce in cire abin a raina, wai bai taɓa riƙe ni ba. Liman ma haka ya ce. Amma ba daga bakinsa na ji ba, kuma yanzu babu inda zan je in ji. Wani lokacin ina cikin taka keke sai in tsaya, in ga zare ya ƙare tuntuni ban sani ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sada, ya yi mashi rahama, ya sa ya huta. Allah ya karɓi aikinsa cikakke, da fuskar da muryar, kada a rage mashi komai. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah ya yafe wa bakina. Amin.