Sandar Fatsar Kawu

Jiya a wajen baje kolin Pazhou na ga sandunan fatsa na roba jibge, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Jakunkuna yake zuwa sarowa a garin Shiling, amma ɗan masunta ne.

Shekara uku ina yi masa tafinta, yana neman tsohuwar sandar gora, aikin hannu. Ko'ina "meiyou" ake ce mana, wato babu. A gundumar Panyu muka same ta wurin wani tsoho, tana ƙamshin man katako, da ƙugiyoyinta masu gashin tsuntsu. Kawu ya dangana bakinta da bango, ya rufe ido, ya lanƙwasa ta a hankali.

"Ɗana, taɓa ka ji, wannan numfashi take yi. Ranar da na bar kasuwa, ni da ita sai kogi."

Ya saye ta ya kai gida, amma hidimar 'ya'yansa ba ta bar shi ya huta ba har ya rasu. Da na je ta'aziyya, na tarar sun karya bakinta, suna kakkaɓe yanar gizo-gizo da ita. Na yi ta'aziyyata na fito na bar ta a hannunsu, kuma abin nan yana cina har yau.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya ba shi kogin da duniya ta hana shi.