Saura Mil Shida

Maƙwabcina Vernon Hasko ya shekara arba'in da mota, amma ban taɓa ganin tayarta ta juya a kan kwalta ba. Buick ce ja ta 1967, irin mai rumfar nan da ake naɗewa baya iska ta daki mutum. A hannun wata tsohuwa ya saye ta nan garinmu a jihar Ohio ta Amurka, agogon mil ɗinta saura shida ya cika dubu goma. A wurin 'yan ƙungiyarsu ta tsofaffin motoci, wadda ba ta kai dubu goma ba amarya ce, wadda ta wuce kuwa bazawara. Shi ke nan Vernon ya rantse ba mai taɓa mil shidan nan.

Duk Lahadi yakan tayar da injin a tsaye, ya saurara, ya kashe. In za shi gasa, sai ya cusa ƙananan kekuna ƙarƙashin tayoyin, mu maƙwabta mu tura har cikin tirela, yana bayanmu yana ihu kada maɓallin rigar wani ya karce fenti. Rasit ɗin mai da na batir duk suna cikin fayil. Kowace sabuwar shekara ya ɗauki hoton agogon, da jaridar ranar a gefe don shaida. Hotunan motar sun fi na 'yarsa yawa, kuma 'yar ta sani.

Matarsa Darlene abu ɗaya take roƙo, ya kai ta bakin tafki sau ɗaya, rumfa a buɗe.

"Vernon, mil huɗu ne fa."

"Da dawowa takwas! So kike ki kashe ni?"

"To mu je, mu dawo a ƙafa."

"Ke dai bari in yi ritaya."

Ya yi ritayar, ya ce bari a gama gasar bana. Iyakar alfarmar da ya yi mata, ranar tunawa da aurensu yakan shimfiɗa tawul a kujera, ta cire takalmi, su zauna cikin gareji ya kunna mata fanka. Da idona na gani, kuma ya ba ni haushi.

Bara zuciyarsa ta tsaya yana cikin goge fitila. Aka ƙona gawar kamar yadda ya yi wasiyya, aka miƙa wa Darlene tokar a ɗan tulu. 'Yan ƙungiya suka zo gaisuwa, idonsu na kan ƙofar gareji. Shugabansu ya ja ta gefe ya ce, "Darlene, don Allah kada ki bar kowa ya motsa ta. Mil shidan nan su ne darajarta."

Washegari da hantsi ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in zo da kyamara. Na tarar ta naɗe rumfa, ta shimfiɗa tawul a kujerar gaba, ta zaunar da tulun ta ɗaura masa bel. Na shiga baya, ta ba motar wuta. Muka kai tafki, muka juyo, furfurarta sai tashi take a iska. Can ta gangara gefen hanya ta taka birki. Lambobin agogon sun juye, ɗaya da sifili huɗu.

"Ɗauki hoto," in ji ta. "Ka san shi da son shaida."

Sannan ta dubi tulun. "To Vernon, dubu goma ta cika, kuma ba ni na kashe ka ba." Ta yi dariya, sai muryarta ta karye. "Iskar da daɗi fa, tsoho. Da ma ka ji ta."