Sunayen Yini Arba'in

Har gobe ban manta da ranar da bakina ya kusa raba ni da aikin tafinta ba. Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ina bin wani Di'o rangadi tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo. Tafinta shi ne bakin Bature da kunnensa. Ƙasa da shi sai masinja, mai yawon kai takarda cikin rana.

Wanga Di'o ɗan wasu tsibirai ne can ƙuryar arewacin ƙasarsu. Ya ce kakanninsa na da harshe, Norn, amma ya mutu. Abin da ya tsinta bakin kakarsa bai wuce "dag" ba, wato yini. Matuƙan jiragen ruwa sunka zo da kalmar daga ƙasar Norwe, uwarsu ɗaya da takwararta ta Ingilishi, kuma daga gare ta anka ciro sunan alfijir da na faɗuwar rana.

Ni da ba a rufe magana ban ɗora ba, na ce mu sunayen lokutan yini arba'in gare mu. Ya ce in kawo su kafin mu bar Goronyo, don tafinta mai ƙari masinjanci ya dace da shi.

Na ƙirga bakwai na ƙafe. Na ruga wurin kakata Hajo, mai kai wa manoman albasa fura nan Goronyo, na gaya mata.

Ta ce, "Mi ka jawo kuma, maigidana? Ba a faɗinsu zaune. Baturen shi taho hwadama shi wuni."

Tun jijjifi muna can. Hajo ba ta ambaton suna sai lokacinsa ya yi: sassafe ana ban ruwa, hantsi a sha fura, walaha a ɗaure jakai inuwa. Kafin la'asar sakaliya Bature ya yi jan da za a iya kunna taba a kuncinsa. Da almuru ya ƙirga: sha huɗu. Ya tambayi sauran.

Hajo ta ce, "Gaya mai, tun kana ƙarami in ka ga akuya guda, garke ka gani."

Ba mai jin harsunan biyu sai ni. Na fassara masa daidai, har da akuyar.

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce wanda ya isar da zagin kansa bai rage ba, zai isar da na Di'o ma. Ya dubi Hajo, ya ce tasa kakar ba ta sami mai yini da ita ba.

Tun ranar na gane: tafinta ya yi ƙari a bakinsa in ya so, ban da bakin wani.