Neman Magarya a Nansha

Da asubar Talata muka tashi daga unguwarmu ta Xiaobei, ni da wani abokina ɗan zangon Kumasi mai aikin tura kaya, da leda babba a ninke cikin aljihuna. Ba yawon buɗe ido ne ya fitar da mu ba, ganyen magarya muka fita nema.

Wani dattijo ɗan Maradi mai sarin kayan sawa a kasuwar Shisanhang ne ya rasu ranar Lahadi a asibiti. Ɗakinsa na kallon nawa, shekara huɗu muna shan shayi tare, kuma ba shi da kowa a garin nan. Zuwana na ƙarshe duba shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, in ta Allah ta kasance, kar ku wanke ni da sabuni kaɗai. Ku sa mini magarya, yadda anka yi ma ubana." Na ce masa to. Da ya cika muka bi benen Tianxiu shago-shago, daga masu turare har masu kuka da daddawa, babu mai garin magarya ko cokali ɗaya. Liman ya ce sabulu da kafur sun wadatar, kuma gaskiyarsa ne. Amma ni ne na ce to. Laraba da safe takardun izinin hukuma za su fito a yi masa sutura, yini ɗaya ke nan gare ni.

Wani direba ne ya ce mana a Nansha, can inda kogi ke shiga teku, akwai fadamar da ta tara kowace irin bishiya. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canja wani, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba. Tun jirgin na cike har ya rage daga mu sai wata tsohuwa mai kwandon kifi. Da ya fito sarari sai gonakin ayaba da na rake da kududdufan kiwon kifi, benaye suna ta ja da baya. Abokina ya yi barcinsa. Ni kuwa ina kallon taga, sai na lura shekara tara ina ƙasar nan ban san sunan bishiya ko ɗaya ba. Ni da na yi kiwon awaki a ƙauyenmu, wanda ko da ido rufe zan bambance aduwa da kanya da ƙamshinsu. Abin ya dame ni ƙwarai.

Daga tashar ƙarshe muka hau bas, hantsi ya yi sosai kafin mu isa. Lokacin sanyi ne, iskar teku na kaɗawa, maziyarta ba su da yawa. Muka biya kuɗin shiga, muka hau doguwar gadar katako da aka shimfiɗa a kan laka.

Bishiyoyin wurin tsaye suke cikin ruwan gishiri, abin da ko a mafarki ban taɓa gani ba. Saiwoyinsu maimakon su nutse sai su ɓullo sama daga laka, dubbai, kamar an kakkafa fensira. Wata kuma 'ya'yanta tun suna rataye suke tsira, dogaye masu tsini, su faɗo su cake da kansu. Abokina ya ɗauko wayarsa mai gane tsirrai, duk wanda ya haska sai ta rubuto suna da Sinanci, ya karanta mini da gadara. Shi fa bai taɓa ganin magarya a tsaye ba, sai dai garinta a ƙulle cikin leda, amma duk bishiyar da muka wuce sai ya ce, "Alaji, wannan ne, na rantse!" Har wata mai fure rawaya irin na kuɓewa ya rantse a kanta.

Na dai haɗu da 'yan sani. Ga kacala, irin wadda ta cinye kogin Haɗeja. Ga kainuwa, ga wani ɗan'uwan bado da ganyensa ya bushe a tsaye. A bakin yashi ga wani mai yaɗo da fure ja-ja, kai ka ce duman rafi ne. Na tsuguna na taɓa shi, na kira sunansa a fili, ba wanda ya ji sai ni. Ban taɓa zaton mutum zai yi kewar gida saboda ciyawa ba.

Wajen azahar na yarda da abin da na sani tun ina yaro, cewa magarya ba ta zama a laka. Tudu take so da ƙasa mai rairayi. Ruɗewa ce ta sa na biye wa direba. Mun nuna wa mai gadi hoton 'ya'yanta a waya, ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu, kalmar da duk ɗan kasuwa a nan ya fi tsana. Muka yi salla a kan ciyawa, muka fito jiki a sanyaye.

Bas ya wuce mu, sai muka bi ta kan jingar kogi da ƙafa. Can muka iske wata mata mai malfar kaba zaune bakin lambunta, tana sayar da wasu korayen 'ya'yan itace kamar ƙananan tufa. Yunwa ta sa muka saya. Na gatsa, na ji zaƙi mai ruwa da ɗan santsi a ƙarshensa, ban kawo komai ba sai da haƙorina ya sami ƙwallon. Na tofo shi a tafin hannu, mai tauri mai kurzunu-kurzunu. Na juya na dubi lambun da tun ɗazu nake tsaye a gabansa.

Ni magaryar dawa nake nema, ramammiya mai ƙananan ganye da awaki suka gaigaye. Wannan kuwa ta ƙoshi, an ɗaure rassanta a kan sanduna, ganyenta ya kusa tafin hannu. Na tsinko ɗaya na kifa shi, bayansa fari mai laushi, jijiyoyi uku sun taso daga gindi. Na laluba reshen, 'yar lanƙwasasshiyar ƙaya ta kama ni a yatsa. Duk da haka ban yarda ba sai da na roƙi bokitinta, na murje ganyen cikin ruwa da hannu biyu. Kumfa ta taso fara sol.

"Ita ce?" in ji abokina.

"Ita ce, Alhaji."

Matar ta zaci mun zautu, ga 'ya'ya amma muna son ganye. Abokina ya yi mata bayani da guntun Sinancinsa, cewa tsohonmu ne ya mutu, da shi za mu wanke shi. Sai ta ɗauko almakashin aiki ta shiga lambun, ta riƙa zaɓo mana sababbin rassa har ledar ta cika ta ƙara tata. Na miƙa kuɗi ta ture hannuna. Iyakar abin da na iya ce mata "shiye-shiye", wato na gode, na kuwa faɗa ya fi sau biyar.

Bayan magariba muka iso gida. Da safe na daka ganyen, mu uku da liman da abokina muka yi masa wanka, ruwan farko da magarya, na ƙarshe da kafur. Waɗanda suka raka shi maƙabarta ba su cika sahu biyu ba.

Tafiyar ta koya mini cewa abin gida yana iya tsayawa a gabanka a baƙuwar ƙasa ka kasa gane shi don ya canja kama. Ta kuma koya mini abin da ya fi wannan nauyi. Ganyen ya ragu da yawa, na shanya shi a taga, na dake, na zuba a gwangwanin madara. Jiya na kira abokina ɗakina na nuna masa inda na ajiye, saman kwaba, bayan akwati. Ya yi dariya ya ce na wa ne kuma?

Na ce masa shi dai ya riƙe wurin, don in nawa ne ba zan samu damar nuna masa ba.