Noelene da Man da Bai Taɓa Gishiri Ba

Duk wanda ya tashi a gonakin alkama na kewayen Kimba ya san ƙeyar yayata Noelene Kloeden kafin ya san fuskarta, domin ita ce direbar bas ɗin makaranta. Ta kwashi yara, ta zo ta kwashi 'ya'yansu, ko ƙadangare ba ta taɓa takawa ba. Tuƙinta a bas kuwa kai ka ce ƙwai ta ɗauko. Iyaye na yabawa, yara na tsaki. Ni ƙaninta ne, sunana Gavin, amma Auta take ce mini har yau da furfura ta cinye mini kai.

Abin da yaran nan ba su sani ba shi ne matar da suke kira Hawainiya mayyar gudu ce. A rumfar wani manomi ta tsinci wata tsohuwar motar tsere 'yar Japan mai kujera biyu, kaji sun mayar da ita gidan ƙwai. Ta saya, ta jawo ta gida da igiya. Mijinta Len, Allah ya ji ƙansa, ya leƙo ya ce, "Noelene, wannan ai akwatin gawa kika sayo." Ta ce, "To ka matsa, kada a fara da kai." Shekara da shekaru tana kwance tana ɗaurawa, har motar ta tashi, aka shafa mata fenti ruwan lemo.

Burinta ɗaya ne tak. Sau ɗaya a shekara masu ƙasar na asali suke ba mu aron busasshen tafkin gishiri na mako guda, a je a gwada gudu. Yaya tana so ta riƙe mil ɗari da hamsin a awa tsakanin fitilu biyu masu auna gudu, a kira sunanta a rediyo kowa ya ji. Ta sha zuwa kusa. Kullum sai injin ya ɗau zafi, mai ya tsinke ya zama ruwa, ta sassauta ƙafa tana zage-zage.

Sai ga maganar ido. Likitan da ta gani a birnin Adelaide ya ce tsakiyar ganinta na cinyewa, kuma ba a dawo da abin da ya tafi. Bas dai ta ajiye shi a take, ba wanda ya ce ta ajiye. Lasisinta na tsere kuma likita ya ce zai sa mata hannu na wannan karon, daga shi ba ƙari. Wato makon gishiri mai zuwa shi ne na ƙarshe. Da ta gaya mini sai na ce, "Sannu, Yaya." Ta ce, "Sannun me? Tashi ka ɗauko mini sifana."

Daga nan aka shiga rigimar baƙin mai. A ƙungiyarmu ta masu motoci, ka zagi uban mutum ya yafe maka, amma ka taɓa man da yake zubawa a injinsa, kun ɓata ke nan. Shugaban masu taurin kai shi ne Clarrie Vidovich, tsohon mai askin tumaki, wanda ke da wata doguwar mota mai kama da kifi. Shi a wurinsa mai in ba mai kauri ba ne kamar zuma, irin na da, to ba mai ba ne. Da ya ji Yaya na neman sintetik, wato man da ake haɗawa a masana'anta, sai ya tuntsire da dariya a mashaya.

"Hawainiya, ruwan shayi za ki zuba wa tsohuwar? Wannan man na yaran birni ne. Duk wata 'yar kafa da ke jikin injin sai ya nemo ta ya bi."

"Ai na sake duk robobin toshiya, Clarrie. Kai ne dai ya kamata a sake wa na baki, yoyo yake yi."

Mashaya ta kaure. Clarrie ya ɗaga kwalbarsa ya ce ya ji, amma za a gani a kan gishiri.

Gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce, kuma Yaya ta sani. Dokar tafkin nan ba ta da wasa: ko ɗigo ɗaya na mai kada ya taɓa gishiri. Duk motar da ta tsaya sai an shimfiɗa mata tamfol, kowane inji kuma da faranti a ƙarƙashinsa. Mai ya zuba a hanya, a rufe hanyar, mutane su wuni suna kankarewa da shebur, na bayanka ya rasa layinsa. Ya yi yawa kuwa, masu tafki su ce mun ci amana, baɗi kada mu zo. Wa zai so a ce shi ne sanadi?

Yaya ba ta yarda da abin da aka rubuta a jikin galan ba, ba ta kuma yarda da yaron kantin da ke garin Port Augusta ba, wanda duk galan ɗin da ta taɓa sai ya ce shi ne ya fi. Ta sayo ƙananan robobi iri-iri, ta juye su a kwalaben jam. Na je gidanta neman naman gashi, na buɗe firiza, sai ga kwalabe jere kusa da cinyar rago.

"Yaya, mene ne wannan kuma?"

"Taɓa ɗaya ka ga yadda ake yanke hannu. Da safe tafkin nan sanyi ne kamar cikin nan. Ina so in ga wanda zai motsa in an tayar da inji."

Ta fito da su ta karkata ɗaya bayan ɗaya. Irin na Clarrie ya daskare ƙam, ko gezau. Wasu suka taho a hankali. Daga nan ta koma bayan gida, ta ɗora tsohon kasko a kan murhun gashi, tana zuba kowanne tana kallon wanda zai fara hayaƙi, wanda zai tsinke, wanda zai bar baƙin dafi a gindin kasko. Unguwa ta cika da ƙauri. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Noelene, in abincin rana ne, mun ƙoshi." Ni dai ina gefe da bokitin yashi, ina addu'a kada gidan ya kama.

Na ce mata wannan ba kimiyya ba ce. Ta ce ta sani, amma ta fi hirar mashaya. Waɗanda suka tsira daga kasko ta zuba su a motar bi da bi, ta hau filin jirgin garin da izini, tana dawowa tana duba allurar mai da ta zafi, tana murza man a yatsu tana shinshinawa. Ƙarshe ta tsaya a kan wani sintetik mai ɗan kauri, wanda ke gudana da sanyin safiya kuma ba ya sakin jiki in rana ta take. Ba shi ne mafi tsada ba, galan ɗinsa ma ba kyau. Ta buga shi a kan tebur ta ce, "Wannan ne."

Muka isa tafki. Kwanakin farko iska ta hana kowa sakat, sai zama ƙarƙashin rumfa ana korar ƙuda ana cin burodi da nama. Da iskar ta kwanta layi ya yi tsawo, ga hadari na haɗuwa ta yamma, kowa ya san in ruwa ya sauka an tashi. Gudu ɗaya kowa zai samu. Yaya na gaba, Clarrie na bayanta da kifinsa. Ya zo ya ƙwanƙwasa mata hular kwano ya ce, "Ki bar mini hanya da tsabta, Hawainiya." Ta ce, "Ka dai yi ƙoƙari ka hango ni."

Aka ɗaga mata hannu. Kai! Ban taɓa jin motar nan ta yi irin wannan kukan ba, siriri, santsi, ba tari ba gargada. Tana ƙanƙancewa a cikin farin nan har ta zama ɗigon lemo. Ina cikin motar rakiya, rediyo a hannu. Ta shiga fitilar farko. Sai kukan ya ɗauke ɗif.

Na taka totur na bi ta. Daga nesa na hango ta saki hanya ta yi gefe can, motar na gangarawa ba inji. Kafin in iso ta tsaya. Abin da na tarar ba zan manta ba: yayata, mace mai jikoki, kwance rub da ciki a kan gishiri, ta tuɓe rigar tseren ta cusa a ƙarƙashin mota, ta tallabe ta da hannu biyu. Tiyon da ke kai mai wurin sanyaya ne ya tsage. Farantin ya cika ya fara ambaliya, man da ya fito daga injin da ke tsakiyar gudu yana zuba a kan rigar, yana ratsa safar hannunta.

"Yaya, saki! Zai ƙone ki!"

"Ka tsaya kana kallona kamar tunkiya? Kawo tamfol, Auta!"

Na jawo tamfol na tura, sannan ta janye hannuwan. Da muka zare safar, fata ta biyo ta. Ko kallon hannun ba ta yi ba. Ta ce in durƙusa in duba ƙasa. Na duba, na sake dubawa, na bi sawun tayarta da ƙafa har bakin hanya. Fari fat, ko ɗigo babu.

Daga baya ta gaya mini yadda aka yi. Tana tsakiyar awo ta ji ƙaurin mai, ta ga allurar mai ta yi rawa ta faɗi. Saura ƙiris ta kai fitila ta biyu. Da ta danne ƙafa da ta kai, amma farantin zai cika tana kan hanya, ta feshe wa mutane gishiri da mai tun daga nan har ƙarshe, Clarrie kuma ya taho a guje ya hau kai. Sai ta kashe inji ta karya sitiyari.

Rediyo ya kira sunanta, ya ce mil casa'in da wani abu, tunda da gangara ta ƙarasa awon. Raina ya ɓaci har na ji kamar in jefar da rediyon. Amma ba a rufe hanya ba. Muna wurin masu ba da agaji ana naɗe mata hannu muka ji kifin Clarrie ya wuce kamar tsawa, ya kuma samu lambar da ya daɗe yana nema. Mutane da dama suka samu gudunsu kafin ruwa ya sauko. Clarrie ya zo har inda take, hula a hannu, idanu sun ciko da ƙwalla. Yaya ta ce, "In kuka za ka yi, matsa kan tamfol."

Da muka kwance injin a gida bayan makonni, ƙarfen ciki sumul yake, ko ƙarzuwa babu, duk da ya yi gudu mai na zurarewa. Man ya riƙe. Tiyo ne ya ci amanarta, ba zaɓinta ba, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ya zo ya same ni.

Amma ranar da muka baro tafkin ba wannan ne a raina ba. Ni ke tuƙi, motar lemo na bayanmu a kan tirela, Yaya na gefe da hannuwa naɗe a kan cinya. Tunda nake ban taɓa tuƙa ta ba, ita ke tuƙa ni. Muka yi tafiya mai nisa a jar hanyar nan. Can na kasa daurewa.

"Yaya, kafin ki kashe, ina allurar gudu ta kai?"



"Ta wuce, Auta."

"Ta wuce ɗari da hamsin?"

"Ta wuce, tana ma ƙara hawa."

Na ce kaico, ga shi ba wanda zai shaida. Sai ta juyo, hawaye na bin kuncinta, ba hannun sharewa, amma murmushi take yi har kunne.

"Wata nawa ina kallon lambobin nan kamar cikin hayaƙi," in ji ta. "Yau na gan su tar. Da idona na gani."

Na tsayar da mota a gefen hanya, na ciro hankicina na share mata fuska. Ta bari na gama, sannan ta ce in ja mu tafi, kuma in daina tuƙi kamar mai ɗauke da 'yan makaranta.